Mijina Ya Wasa Rodi Saboda Yayana

Gwaggo mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi da wuri, don maganar nan ba ta jira. In kin ga ina kwana-kwana ki yi haƙuri da ni, kwana biyun nan kaina ba daidai yake ba, ko gishiri sai in zuba in manta in sake zubawa.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu. Maigidana mai walda ne a wani ƙaton kamfanin sabulu da man girki, irin wanda in aka tashi daga aiki sai titi ya toshe don yawan jama'a. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma a can yake. Tare suka fara da ɗaukar katan a sito, ta dalilinsa ma na san mijin. Daga baya shi Yaya ya yi ta lallaɓa karatunsa har aka mai da shi ofishin kula da ma'aikata. Kada ki ji ofis ki zaci wani babba ne. Teburinsa na bakin ƙofa kusa da injin kwafi, duk wanda ya shigo shi yake fara aika. Kuma kamfanin nan yana da wata ɗabi'a. In labari mai daɗi ne, ƙarin albashi ko kyautar ƙarshen shekara, manaja da kansa yake saukowa ya riƙe lasifika yana washe baki. In mai ɗaci ne sai a ce a ba Yaya, ai ɗan gida ne, shi ya san yadda ake magana da su.

Autarmu sikila gare ta. Gajeriya muke ce mata, Yayan ne ma ya laƙa mata sunan don ta ƙi tsawo, ita kuma tana ramawa da Kawu Mai Tumbi. Duk wanda ya taɓa riƙe mai sikila ya san abin da nake nufi in na ce ciwo ya tashi. Yarinya tana wasa yanzu, an jima tana birgima a ƙasa tana cewa a sare mata ƙafar ta huta. Abin da ya rufa mana asiri duk shekarun nan katin asibiti ne na kamfani. Ka miƙa kati, a ba da gado, a sa ruwa, a yi allura, in ta kama a ƙara jini. Wallahi sau nawa ana yi wa maigidana tayin aikin da ya fi wannan albashi yana ƙi, saboda katin nan kawai.

Watan da ya wuce aka tara su a ɗakin cin abinci. Aka ɗora Yaya kan benci da takarda a hannu, ya karanta cewa daga yanzu cikakken kati na ma'aikaci ne shi kaɗai. Iyali an bar musu zazzaɓi da ƙananan ciwuka, amma an cire haihuwa, an cire duk ciwon da ba ya warkewa, sikila da suga da hawan jini da ƙoda. An ce bai kai ƙarshe ba aka jefe shi da kofin shayi mai zafi ya ƙone shi a wuya. Wani ya matso ya tofa masa yawu. Manyan suna sama suna leƙe ta gilashi, ko ɗaya bai sauko ba. Da maigidana ya dawo ranar, abincin ma ture shi ya yi.

Ba a jima ba ciwon Gajeriya ya tashi, da rana tsaka. Na goya ta, uban ya baro aiki ya tarar da mu a asibitin da muka saba zuwa. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta san mu sarai, har alewa takan ba Gajeriya, amma ta duba ta sake dubawa ta ce kati ba ya ɗaukar wannan yanzu, sai mun fara ajiye kuɗin gado. Ya roƙe ta. Wallahi Gwaggo ya roƙe ta, mutumin da ban taɓa jin ya haɗa wani da Allah a kan buƙatarsa ba. Ta ce ba daga ita ba ne. Gajeriya ta ƙwalla ƙara a bayana, ta gantsara min cizo a kafaɗa don azaba. Sai kawai na ji tartsatsi. Naushi maigidana ya kai wa gilashin tagar ya tarwatse, jini na tsiyaya daga yatsunsa har gwiwar hannu. Masu gadi suka yo kansa da kulake. Ya fasa wa ɗaya hanci, sauran suka kayar da shi suka yi ta tattaka shi da takalma, ni ina ihu da yarinya a baya ina cewa ku bar shi, uban mara lafiya ne. Da ƙyar wani likita dattijo ya raba, ya sa aka sake shi ba a kira 'yan sanda ba.

Muka ƙare a asibitin gwamnati, kan benci a baranda don babu gado. Yaya ya ji labari ya zo a guje, riƙe da ledar magani da ruwan ƙari da ya sayo a hanya. Ko sallama bai gama ba maigidana ya tashi ya shaƙe shi da hannun nan mai bandeji, ya yi ta buga kansa da bango, yana ce masa ya zo ganin aikinsa ke nan, ya zo ya ga ko ta mutu ya je ya yi wa iyayen gidansa albishir. Ya tattake ledar maganin, ruwan ya fashe a ƙasa. Yaya ko hannu bai ɗaga ba, jini na bin ƙeyarsa har cikin riga. Gajeriya na kwance da allurar ruwa a hannu tana kallo, ta kira Baba, ta kira Kawu. Ta samu sauƙi mun dawo gida, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta ruga ta shige bayana.

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Akwai wani direban babbar mota, Dogo suke ce masa, matarsa na wankin ƙoda. Aka dakatar da wankin, ta kumbura, ta rasu. Ranar da aka dawo daga binne ta ma'aikata suka taru a get, ba shiri ba komai, kowa da abin da ke cinsa. Kamfani ya kira jami'an tsaro. Barkonon tsohuwa, kulki, gindin bindiga, ba wanda ba a sa ba. Su ma suka rama da duwatsu da kwalabe. An karya hannaye, an fasa kawuna, wani ya rasa ido. An cinna wa babur ɗin Yaya wuta a inda yake ajiye shi, alhali motocin manyan na can ciki an kulle su, ko ƙwarzane babu. Aka kori wasu, aka kama wasu, shugabannin ƙungiyar ma'aikata suka ce a kwantar da hankali ana tattaunawa, kuma har yau tattaunawar ake yi. Maigidana ya tsira ne kawai don ranar yana gida yana jinyar hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Tun bayan nan Dogo da wasu mutum biyu suke zuwa gidanmu bayan la'asar, su shige ɗakin da maigidana ke ajiye kayan aikinsa su turo ƙofa. Rannan na je ɗauko tsintsiya a bayan durom ɗin ruwa sai na ci karo da buhu. Rodi ne a ciki, kowa da nasa, an yanka su daidai tsawon hannu, an wasa bakinsu ya yi tsini, an naɗa musu roba a mariƙi don kada su sulluɓe. Aikin hannunsa ne, ko a ina na ga aikinsa na san shi. Washegari na laɓe na saurara. Ashe ranar albashi Yaya yakan bi wani lungu tsakanin sito da katanga ya kai wa direbobi takardunsu, wurin kuma babu kyamara. A nan za su tare shi. Wai ba kashe shi za su yi ba, hannun da ya riƙe takardar za su karya da ƙafafun da suka hau benci, don na gaba ya ji tsoro. Amma na ji Dogo da kunnena yana cewa shi dai in ya fara ba ya jin zai iya tsayawa. Kuma in karaya kawai ake so, me ya kawo tsini?

Da suka tafi na tare shi. Na ce Baban Gajeriya, ɗan'uwana ne fa, kawun 'ya'yanka, abokinka tun ba ku da komai. Ya ce ba ni da ɗan'uwa, karen manya gare ni. Raina ya ɓaci na ce to ƙanwar kare yake aure ke nan. Ban rufe baki ba ya ɗauke ni da mari har kunnena ya yi dum, na faɗa kan kwanuka. Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaga min hannu ba. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa kamar ba nasa ba, sannan ya ce in na kuskura maganar nan ta fita, a bakin aurena. Ya sa kai ya fice.

Akwai kuma abin da na sani wanda shi bai sani ba, shi ne ma ya fi ci na. A kamfanin nan akwai abin da suke kira aron kati. Kowa na yi, ba a ma ɗauke shi laifi ba. Maƙwabci ba shi da lafiya, ka ba shi katinka ya je ya amsa sunanka. Ƙanwarka za ta haihu, ta tafi da katin matarka. Zumunci muka ɗauke shi, in ka hana ma sai a ce ba ka da mutunci. Akwai wanda a wurin asibiti an cire masa haƙoran da sun fi na bakinsa yawa. Akwai tsohon mai gadin da matarsa ta daɗe da ajiye haihuwa, amma a wurinsu duk shekara sai ta sauka lafiya. Ni kaina na haihu sau biyu cikin rabin shekara, don maigidana ya ba ƙanwarsa katina. Da dariya muke yi wa abin.

Da na je duba Yaya bayan abin asibiti, yana kwance da ɗinki a ƙeya, ya gaya min cewa kamfanin inshorar da ke biyan asibitoci ya gano, ya ce zai ƙara abin da yake karɓa sosai. Manyan suka kira shi suka ce shi ya san mutanen nan, ya faɗi masu aron kati a kore su a kai su kotu. Ya ce bai san kowa ba. Ya san kowa, Gwaggo, na kan gaba ma mijina ne. Suka ce to tun da bai san kowa ba sai a yanke wa kowa, kuma shi zai karanta. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don in ta fita shi za a fara kora da laifin rufa asiri, sannan a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ma suga gare ta, ita ma an cire ta. Yana ba ni labarin yana cewa da ya sani da ya ba da mutum biyu uku, ƙila da matar Dogo na nan da ranta. Ya juya fuska bango yana kuka, namiji babba.

To Gwaggo ya zan yi? In na gaya wa Yaya shirin da ake, ina tsoron dole ya kai ƙara, a kama uban 'ya'yana, aikin ya tafi, auren ya tafi. In na yi shiru, ƙarshen wata ya kusa, kuma duk safiya ina ganin buhun nan in na je ɗibar ruwa. In na gaya wa maigidana sirrin, na karya rantsuwa, kuma a yadda yake ɗin nan zai iya zuwa get ya yi ta shelarsa. Ina son mijina, wallahi ba mugu ba ne, shi yake kwana zaune yana matsa wa yarinyar nan ƙafa. Amma Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu.

Kuma don Allah ki fahimtar da ni, da gaske mu muka jawo wa kanmu da aron kati? Kamfanin nan bana ya gina sabon reshe, ya sayo manyan motoci fil, tallarsa na ko'ina. Ledar ruwan 'yata me za ta rage musu? In har mu ne, in sani in kama bakina. In ba mu ba ne, to wa za mu kama?

Taki cikin tashin hankali,
Ƙanwar wani, matar wani.

AMSAR GWAGGO

'Yata,

Wasiƙu da yawa ke layi, na tsallake su na sa taki saboda ƙarshen wata ya matso. Na kuma sauya wasu abubuwa a ciki don kada a gane ku.

Ba zan ja ki da nisa ba. Ki gaya wa yayanki, kuma yau. Ke da kanki kin ba kanki amsa da kika tambayi abin da ya kawo tsini. Maza huɗu da ƙarfe a lungun da babu mai gani, ɗayansu bai daɗe da binne matarsa ba, a cikinsu wa zai ce ya isa haka? Kin ji Dogo ya faɗa, ki yarda da shi. Kada kuma ki ɗauka faɗar cin amanar miji ce. Shirun ne zai ci amanarsa, don shirun ne zai bar shi ya zama mai kisan kai. Maganar a bakin aurenki kuwa ba na raina ta, amma aure in ya tsinke akwai manyan da za su zauna su ɗaura, gawa kuwa babu mai tashinta.

Ba dole ba ne Yaya ya fara da kai ƙara. Abin da ake buƙata yanzu shi ne kada ƙafarsa ta taka lungun nan. Yana da ɗinki a kai, wannan ya ishe shi dalilin neman hutu. Ya sa a raba wa direbobi takardunsu a ofis, kada ya tura wani bawan Allah ya bi hanyar a madadinsa. Ya sauya hanyar da yake bi, ya ɗan bar gidansa na kwanaki shi da iyalinsa. Ke kuma kada ki sake tarar maigidanki ke kaɗai. Ki fara kai yaran gidan wani naku, sannan ki nemo wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa in tana raye, ko baffansa, ko ubangidan da ya koya masa walda. A gabansu za ki fito da buhun nan ki zazzage shi, babba ya kwashe ya tafi da shi. A gabansu kuma za ki ce masa Yaya ya riga ya sani. Shirin da ya tonu yawanci a nan yake mutuwa. In bayan wannan kin ga suna neman wata hanyar, to a kai maganar ga hukuma, kuma kada ki ji ko ɗar. Gara ya kwana a ofishin 'yan sanda a kan niyya da ya ƙare rayuwarsa a kurkuku a kan aiki.

Marin nan ma kada ki haɗiye shi. Ba shi ne na gaggawa ba, amma a zaman nan a faɗe shi a fili, ya ji kunya, ya ba ki haƙuri. In ya sake, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi gida har sai ya dawo hayyacinsa. Ban ce mugu ba ne. Uban da ya ji 'yarsa na ihu aka ce masa kati ba ya ɗauka, aka tattake shi a gaban iyalinsa, na san abin da ke ƙuna a ƙirjinsa. Fushinsa na kan gaskiya. Inda ya dosa da shi ne ba daidai ba, kuma ya riga ya fara sauke shi a kan waɗanda suka fi sonsa.

Kin tambaye ni ko ku kuka jawo. Zan gaya miki iya abin da na fahimta. Babban kamfani yakan biya kamfanin inshora ne a kan kowane ma'aikaci, shi kuma ya biya asibiti. Magani na ƙara tsada, asibiti na ƙara farashi, mai inshora ya dawo ya ce a ƙara masa. Kuma abin da ya fi cin kuɗin ba zazzaɓi ba ne, ciwon da ba ya warkewa ne, irin na Gajeriya da na matar Dogo. A can sama kuwa akwai masu hannun jari da ke son ribar bana ta fi ta bara. Sabon reshe da sababbin motoci suna dawo musu da kuɗi, suna gani. Lafiyar 'yarki ba sa ganin abin da take dawo musu da shi, ko da yake ita ce ta riƙe musu mai walda ƙwararre duk shekarun nan. To in za a yi ragi, ina za a taɓa? In aka taɓa albashi kowa zai ji rana ɗaya, a tsayar da inji rana ɗaya. In aka taɓa kati kuwa ɗaiɗai ake ji, yau gidanki, wani watan gidan wani, masu lafiya suna cewa Allah ya kyauta suna wucewa. Ga kuma masu neman aiki cike da bakin get, sun san ba mai iya yin fushi ya tafi.

Aron kati kuwa, gaskiya ba daidai ba ne, ko da zumunci kuka kira shi. Ya ƙara nauyin, ya kuma miƙa musu hujja a hannu. Yana da haɗari ma, don ciwon wani da jinin wani ake rubutawa da sunanka, wata rana likita ya yi aiki da shi a kanka. Amma ki tsaya ki duba. Wanda aron kati ya dama, hoto zai sa a kati, ko ya ce a dangwala yatsa a bakin taga, magana ta ƙare. Ba a yi haka ba. An tsallake masu aro an cire mai sikila da mai wankin ƙoda, waɗanda katinsu ba ya ma hutawa balle a are shi. Wannan ya nuna miki abin da ake nema tun farko. Ba zan rantse a kan zuciyar da ban gani ba, amma ki gaya wa yayanki ya daina ɗora wa kansa ran matar Dogo. A ganina da ya ba da sunaye, da an kori mutanen, sannan an yanke katin duk da haka.

Ki kuma sa babban da za ki nemo ya tambayi maigidanki, me ya sa kullum Yaya ake ɗorawa kan benci? Don kofin shayi ya sami wuyansa ne, ba na wanda ya yanke hukunci ba. Dabarar ta ci, tun da babur ɗinsa ne ya ƙone. In suka karya shi, mako mai zuwa wani ƙaramin ma'aikaci ne zai zauna a teburin nan na bakin ƙofa, kamfani kuma ya samu abin da zai nuna wa duniya cewa ba masu neman haƙƙi ba ne, 'yan ta'adda ne. Daga ranar ba mai sake sauraron maganar kati.

Rantsuwar da kika yi wa Yaya, shi za ki koma wa ya warware miki, ko ma ya fi kyau shi da bakinsa ya gaya wa maigidanki, a ɗaki, gaban dattijo ɗaya. Kada ki ji tsoron zai yi shela. Wanda sunansa ke kan gaba ya fi kowa dalilin kama bakinsa. Ya kamata ya san cewa mutumin da ya buga wa kai da bango shi ne ya hana a kai shi kotu.

Bayan an ajiye ƙarfe, akwai faɗan da ya kamata a yi. Iyalan da aka cire su haɗu wuri ɗaya, kada kowa ya ci gaba da kuka a ɗakinsa. Su matsa wa shugabannin ƙungiya su faɗi inda tattaunawar ta kwana. Su tambayi ofishin ƙwadago ko lauya, in katin na cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki, shin kamfani na da ikon sauya shi shi kaɗai? Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, shi ya sa na ce a tambaya. Su nemi ko da a mayar da waɗanda ke tsakiyar jinya kan kati, su kuma ce sun yarda a sa hoto a kati. Kamfanin da tallarsa ke ko'ina yana tsoron abin da zai ɓata masa suna fiye da yadda yake tsoron rodi. Dogo ma kada a bar shi shi kaɗai da zuciyarsa, a samu nasa su riƙe shi. Gajeriya kuwa ki yi mata rajista a sashen masu sikila na asibitin gwamnati tun tana ƙalau, ki nemi ƙungiyar iyayen masu sikila, sun san ƙofofin da ba ki sani ba. Ki kuma zaunar da ita ki gaya mata faɗan Baba da Kawu ba laifinta ba ne, don yara sukan ɗora wa kansu.

'Yata, ciwon yarinyar nan zai sake tashi, ke ma kin sani. Ranar kina buƙatar mai ɗaukar ta da mai zuwa neman jini. Maza biyu gare ki a duniya da za su yi wannan ba sai kin roƙa ba, kuma in kika yi shiru har ranar albashi, duka biyun za ki rasa a lungu ɗaya. Ajiye jaridar nan ki nemi yayanki.

Allah ya ba Gajeriya lafiya, ya sanyaya zuciyar ubanta, ya tsare kawunta, ya jiƙan matar Dogo, ya ba ki ƙarfin abin da ke gabanki.

Gwaggonki.